Tushen Murabba'i: Daga Igiyar Magini Zuwa Math.sqrt

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne a Katsina, kuma tun ina ɗan shekara tara nake riƙe masa bakin igiya idan za a fitar da harsashin gini. Yakan kafa turke, ya auna ƙafa uku ta wannan gefe, ƙafa huɗu ta wancan, sannan ya miƙa tef tsakanin alamomin biyu. In ya ga ƙafa biyar cif, sai ya ce kwana ta zauna, a fara haƙa. In ba ta kai ba, ko ta zarce, a yi ta gusa turken har ta daidaita. Wata rana aka kira shi ya shata fuloti mai ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, a bayan gari. Da aka kafa turaku huɗu sai ya ja igiya daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya auna, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren, ya ga sun zo ɗaya. Na ce, "Baba, ƙafa nawa ya kamata ta zama?" Ya ce, "Ɗari da sha biyu ba kaɗan. Haka maigidana ya koya mini."

Sai da na shiga sakandare na gane daga ina wannan "ba kaɗan" ɗin ta fito. Hamsin sau hamsin 2,500 ne, ɗari sau ɗari 10,000, jimilla 12,500. Tsawon igiyar shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 12,500. Ita ake kira tushen murabba'i, wadda 'yan makaranta suka fi sani da sukwaya rut. Yau sana'ata rubuta manhajar shafukan intanet ce da harshen JavaScript, kuma in ina son wannan amsar, Math.sqrt(12500) kawai zan rubuta, kafin in ɗauke yatsa ta fito: 111.80339887498948. Na yi shekaru ina rubuta wannan layi ban taɓa tambayar kaina wa ya sha wahalarsa ba. Da na bi sawu, sai na tarar da aikin kusan shekara dubu huɗu a ƙunshe a cikinsa.

A Jami'ar Yale da ke Amurka akwai wani ɗan allon laka mai zagaye, wanda bai wuce tafin hannu ba, an yi masa lamba YBC 7289. Daga ƙasar Babila ya fito, wato kudancin Iraƙi ta yau, kuma an rubuta shi tsakanin shekarar 1800 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An zana murabba'i a kansa, an ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda Baba ke jan igiya. A gefe an rubuta 30. A kan layin tsakiya kuma an rubuta lambobi huɗu: 1, 24, 51, 10. Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙidaya, kuma gadonsu ne muke ci har yau da muke cewa minti sittin awa ɗaya. Don haka ma'anar lambobin ita ce ɗaya, da 24 cikin 60, da 51 cikin 3,600, da 10 cikin 216,000. In ka tara za ka samu 1.41421296. Tushen murabba'in biyu na haƙiƙa da 1.41421356 yake farawa. Ratar da ke tsakani ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Masana biyu, Otto Neugebauer da Abraham Sachs, su suka wallafa bayanin allon a 1945, kuma yanayinsa ya nuna irin allon da ɗalibi ke riƙewa a hannu yana koyon aiki ne. Wannan ya fi komai taɓa ni. Duk wanda ya taɓa zama da allo a cinya a gaban malam ya san yaron nan, ko da harshensu ba ɗaya ba.

A Indiya ma igiya ce ta kai su ga wannan lamba. Littattafan da ake kira Sulba Sutra, waɗanda sunansu ma daga igiyar awo ya samo asali, suna koyar da yadda ake shata wuraren ibadarsu, kuma a cikinsu akwai ƙiyasin tushen biyu da ya yi daidai da 577 bisa 408. Ku riƙe wannan lamba, za mu sake haɗuwa da ita. Su kuwa Girkawa sun gano abin da ya fi wannan nauyi: sun tabbatar da hujja cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za ka raba ɗaya da ɗaya su ba ka tushen biyu daidai wa daida. Komai daɗewarka kana lissafi, kusa kawai za ka yi ta zuwa. Tun daga ranar sana'ar fitar da tushe ta zama sana'ar kusantowa, kuma har gobe haka take, ko a cikin kwamfuta.

Hanyar da na fi ƙauna ta zo mana ne a rubuce daga Heron, wani injiniya da ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsa mai suna Metrica ya ɓace tsawon ƙarnoni, sai a 1896 aka gano kwafinsa a Istanbul. A ciki ya nemi tushen 720. Ya duba ya ga 27 sau 27 ya ba da 729, wato ya ɗan zarce. Sai ya raba 720 da 27, ya samu 26 da biyu bisa uku, wanda shi kuma ya ɗan gaza. Tunda ɗaya ya zarce ɗaya ya gaza, amsar tana tsakaninsu. Ya haɗa su ya raba biyu, ya samu 26 da biyar bisa shida. In ka ninka wannan da kansa, 720 za ka samu da ɗan ragowar ɗaya bisa 36. In kana son ka ƙara matsowa, sai ka ɗauki sabuwar lambar ka maimaita. Shi ke nan dabarar: canka, raba, ɗauki tsakiya. Kamar ciniki ne a kasuwa, mai saye ya taya ƙasa, mai sayarwa ya faɗi sama, dillali ya raba musu gardama a tsakiya. Bambancin kawai shi ne a nan kowane zagaye yana kusan ninka adadin lambobin da suka zauna daidai. Gwada da tushen biyu, ka fara da ɗaya: za ka samu 3 bisa 2, sai 17 bisa 12, sai 577 bisa 408. Zagaye uku kacal, ga ka a kan lambar mutanen Indiya.

Sinawa sun bi wata hanyar da sandunan ƙirga, kuma tsohon littafinsu na lissafi mai babi tara ya koyar da fitar da tushe na biyu, wato na murabba'i, da na uku lamba bayan lamba. Aryabhata na Indiya ya rubuta irin wannan ƙa'ida a shekarar 499. Jikanyar wannan hanya ce doguwar dabarar nan mai kama da dogon rabawa, wadda ake raba lambobi bibbiyu, da tsofaffin malaman lissafi suka iya.

Amma ita kanta kalmar "tushe", daga Bagadaza ta bazu. A zamanin halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa kan hisabin jabru da muƙabala, wanda daga sunan littafin aka samu kalmar aljabara. Babu alama ko ɗaya a littafin, komai da zance aka yi shi. Lambar da ake nema ya kira ta jizri, wato saiwa ko tushen itace. In an ninka ta da kanta, abin da ya fito ya kira shi mal, wato dukiya. Shahararren misalinsa shi ne dukiya ɗaya da tushenta goma sun zama dirhami 39. Ka raba goma biyu, biyar ke nan. Ka ninka biyar da kanta, 25. Ka ƙara a kan 39, ya zama 64. Tushen 64 takwas ne. Ka ɗebe biyar ɗin nan, saura uku. Uku sau uku tara, uku sau goma talatin, jimilla 39. Wanda ya karanci fara'ili ba zai yi baƙunta a littafin ba, domin babban kaso na ƙarshensa kan wasiyya da rabon gado ne. Wannan ilimi na hisabi bai tsaya a Gabas ba, har ƙasarmu ya iso. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ɗan Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara lambobi a gidajen murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Duk lokacin da na wuce ta hasumiyar Gobarau sai na tuna cewa garin nan ya taɓa fitar da masanin lissafin da malaman Masar suka girmama.

A 1145 wani Bature mai suna Robert na Chester ya fassara littafin al-Khwarizmi zuwa Latin a ƙasar Sifen. Jizri ya koma radix, wadda ita ma saiwa take nufi, kuma daga nan Turawan Ingila suka samu tasu kalmar. Akwai wata kalma da ta fi wannan ban sha'awa. Tushen da ba ya fita cif, irin na biyu ko na uku, Larabawa sun kira shi asammu, wato kurma. Masu fassara suka mayar da ita surdus, kurma da Latin. Ita ce kalmar "surd" da ɗaliban babbar sakandare ke fama da ita a jarrabawar WAEC, ba tare da an taɓa gaya musu cewa kurman tushe ake nufi ba. Sunan al-Khwarizmi kansa shi ya rikiɗe a bakin Turawa ya zama algoridim, kalmar da mu masu rubuta manhaja ba ma wuni ba mu faɗe ta ba.

Alamar ma tana da nata tarihin. Al-Ƙalasadi, malamin Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486, yakan sa harafin jimun, farkon jizri, a kan lambar da ake neman tushenta. A 1427 kuma, a Samarƙand, Jamshid al-Kashi ya kammala littafinsa Miftahul Hisab, inda ya nuna yadda ake fitar da tushe na biyar na lamba mai tsawon gaske, da hannu. Alamar √ da muka sani ta fara bayyana a bugu a littafin Christoff Rudolff, Bajamushe, a 1525, sannan René Descartes na Faransa ya ɗora mata layin nan na sama a 1637.

Ni da sa'o'ina ba da hanyar Heron muka tashi ba, da ɗan littafin jadawalin nan da muke kira fo-figa tebur muka tashi. Asalinsa aikin John Napier ne, mutumin Sikotilan, wanda ya fito da logaridim a 1614. Albarkar logaridim ita ce tana sauƙaƙa aiki da mataki ɗaya: ninkawa ta koma tarawa, fitar da tushe ta koma rabawa. Kana son tushe na biyu, ka duba log ɗin lambar, ka raba biyu, ka koma jadawali ka nemo amsar. Na uku kake so, ka raba uku. Na bakwai, ka raba bakwai. A nan ne tunanin cewa tushe na uku daidai yake da ɗaga lamba zuwa ƙarfin ɗaya bisa uku ya zama abin aiki na yau da kullum. Malaminmu na lissafi yakan hana mu taɓa kalkuleta sai mun nuna masa aikin a jadawali, kuma a lokacin muna ganin takura ce. Isaac Newton da Joseph Raphson kuwa, a ƙarshen ƙarni na 17, sun shimfiɗa wata hanya ta warware lissafi iri-iri ta maimaita kusantowa. In ka ɗora hanyar tasu a kan tushen murabba'i, dabarar Heron ce take fitowa sak.

Da injuna suka zo, labarin ya yi sauri. ENIAC, ƙatuwar kwamfutar da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946, tana da sashe na musamman na rabawa da fitar da tushe. A 1952 kamfanin Friden ya fito da injin lissafi na tebur mai haƙoran ƙarfe da ke fitar da tushen murabba'i da kansa. A 1972 kalkuletar HP-35 ta sa wannan aiki cikin aljihun riga. Sai dai kowane kamfani da yadda injinsa ke yanke lambobin bayan ɗigo, har ta kai lissafi ɗaya na iya ba da amsa biyu a kwamfutoci biyu. Wanda ya fi kowa tsayawa a gyara wannan shi ne William Kahan, malamin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ya yi aiki da kamfanin Intel a kan guntun lissafi mai lamba 8087 da ya fito a 1980, kuma daga wannan aiki aka gina ƙa'idar IEEE 754 ta 1985. Ƙa'idar ta jera tushen murabba'i tare da tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, ta ce dole amsar da inji zai bayar ta zama mafi kusa da gaskiya cikin duk lambobin da zai iya riƙewa. An ba Kahan lambar yabo ta Turing a 1989, kuma a ganina ya cancance ta ninki biyu, domin mutum ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan lambar ƙarshe ta bayan ɗigo, wadda yawancin mutane ba sa ko kallo.

A 1995 Brendan Eich ya tsara JavaScript a kamfanin Netscape, ya haɗa samfurin farko cikin kwana goma. Harshen ya ɗauki lambobinsa daga ƙa'idar Kahan: kowace lamba tana zaune a gurbi 64 na sifili da ɗaya, abin da ke ba da lambobi kamar goma sha biyar zuwa sha bakwai masu inganci. An ba shi Math.sqrt don tushe na biyu, da Math.pow don ɗaga lamba zuwa kowane ƙarfi. Wanda ke son tushe na uku ko na biyar sai ya bi ta hanyar Napier, ya rubuta ɗaya bisa uku ko ɗaya bisa biyar a matsayin ƙarfi. 

A nan ne na taɓa yin kuskuren da ya sa na koma karatun wannan tarihi. Wani ɗan kwangila da ke gina tankunan ruwa na ƙasa ya sa ni in yi masa ɗan shafi da zai riƙa shigar da yawan ruwan da ake so, shafin ya gaya masa tsawo, faɗi da zurfin tanki in duka ukun ɗaya ne. Na rubuta Math.pow da ɗaya bisa uku, na kuma sa Math.floor ya yanke abin da ke bayan ɗigo don amsar ta fito a cikakkiyar mita. Bayan kwana biyu ya kira ni. "Malam, na sa lita 64,000, abin naka ya ce mita uku. Uku sau uku sau uku ai ashirin da bakwai ne. Huɗu ya kamata." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, gaskiyarka ce, bari in duba." Lita 64,000 kubik mita 64 ce, amma da na buɗe sai na ga Math.pow(64, 1/3) ba huɗu yake bayarwa ba, 3.9999999999999996 yake bayarwa, ni kuma na sa a yanke wutsiyar, huɗu ta koma uku. Da bai yi lissafin da ka ba, da an haƙa ramin da bai kai rabin abin da ake bukata ba, kuma da dukiyar mutane ta salwanta ta dalilina. Abin ya daɗe yana damuna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfuta ba ta iya riƙe ɗaya bisa uku cif, kamar yadda kai ma in ka fara rubuta 0.3333 ba za ka gama ba. Abin da take riƙewa ya gaza sulusi da ɗan mitsitsi, don haka amsar ma ta gaza huɗu da ɗan mitsitsi. Wannan gazawar ce kuma ke sa Math.pow(-8, 1/3) ya ba da NaN, alamar da ke nufin abin da ya fito ba lamba ba ne, alhali kowane ɗalibi ya san -2 sau -2 sau -2 ya ba da -8. Shekara ashirin masu JavaScript suna kewaye wannan rami da dabaru, sai a bugun harshen na 2015 aka ƙara Math.cbrt, wanda aikinsa tushe na uku ne kawai. Shi in ka ba shi 64 zai ce huɗu, in ka ba shi -8 zai ce -2. A wannan bugun aka kawo Math.hypot, wanda za ka ba shi 50 da 100 ya ba ka tsawon igiyar Baba kai tsaye. A 2016 aka ƙara alamar taurari biyu a matsayin gajeriyar hanyar rubuta pow. Shi kansa Math.sqrt, duk da ingancinsa, in ka ninka Math.sqrt(2) da kansa 2.0000000000000004 za ka gani. Ba lalacewar inji ba ce. Hujjar Girkawa ce ke aiki: kurman tushe ba ya shiga gurbi 64, ba ya shiga gurbi miliyan.

Wani abin kuma da ya ƙara mini girmama magabata ya faru bayan 2020, lokacin da aka shigar da BigInt cikin ƙa'idar harshen, wato nau'in lamba da ke iya ɗaukar cikakkun lambobi komai tsawonsu. Math.sqrt ba ya karɓar irin wannan lamba, in ka ba shi sai ya ƙi aiki. Mai bukatar tushenta dole ya rubuta hanyarsa da kansa, kuma abin da akasari ake rubutawa layuka ne biyar ko shida: canka, raba, ɗauki tsakiya, maimaita har amsar ta daina motsi. Ranar da na rubuta nawa na ga Heron ne a gabana, harafi da harafi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matasan da ke zuwa wurina koyon rubuta manhaja. Suna da kaifin basira, suna kama abu da wuri, amma da yawansu sun ɗauka duk abin da allon kwamfuta ya nuna gaskiya ce tsantsa. In na tambayi ɗayansu tushen 50 ba tare da waya ba, sai ya yi shiru, alhali ya san bakwai sau bakwai 49 ne, wato amsar bakwai ce da ɗan ɗoriya. Wannan ɗan hasashen shi ya ceci ɗan kwangilar nan daga kuskurena, kuma shi ne Baba yake da shi da ya ce ɗari da sha biyu ba kaɗan. Saboda haka duk wanda ya zo wurina, kafin ya rubuta Math.sqrt ko sau ɗaya, sai ya fitar mini da tushe uku da biro da takarda, sannan ya rubuta hanyar Heron da JavaScript da hannunsa, ya kwatanta amsarsa da ta inji.

Ina roƙon malaman lissafi na sakandare da masu koyar da kwamfuta su ware darasi ɗaya tak don wannan hanya, su kuma gaya wa yara sunayen mutanen da suka yi aikin, har da na Bagadaza da Samarƙand. Kai kuma mai karatu, ɗauki takarda ka gwada da fulotin Baba. Fara da 110. Raba 12,500 da shi, za ka samu 113.636. Tsakiyarsu 111.818. Sake raba 12,500 da wannan, ka ɗauki tsakiya. A zagaye na biyu za ka tsaya a kan 111.8034.